Zuwa ga Bazazzagin da ya gina tanderu ya tare a ciki

Bazazzagi, bawana, ina gajiyar walima? Na iso Kano lafiya, sai dai ƙurajen zafin da na kwaso a falonka har yau ba su baje ba, mai ɗakina kullum sai ta barbaɗa mini hoda a baya kamar jariri. Na so in yi shiru, don bai dace mutum ya ci shinkafar wani da kajinsa ya fito yana kushe masa gida ba. To amma ubangida ba zai ga bawansa ya kwashi iyali ya shiga tanderu ya ja bakinsa ya tsuke ba. Mu a Kano gurasa muke mannawa a tanderu. Kai kuwa mata da yara ka zuba a naka, har da kiran malamai su yi addu'ar tarewa.

Tun daga kan kwana na hango gidan yana walƙiya. Na tambayi mai Keke Napep ko sabon banki aka buɗe a unguwar, ya ce a'a, gidan wani malamin boko ne da ya yi ritaya. Nan na san na iso. Rufin kaɗai ya fi ginin tsayi, baƙi wuluk, ya miƙe sama kamar zai soki gajimare. Ka san asalin irin wannan rufi kuwa? A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba ake tsayar da shi haka, don ta zame ƙasa kada nauyinta ya danne masu gida. Yaushe rabon da dusar ƙanƙara ta sauka a Samaru ko Tudun Wada? Kuma duk cikin launukan da Allah Ya halitta ka rasa wanda za ka ɗora a kanka sai baƙi, wanda ko yaron da ke tallan rake ya san shi ya fi kowane launi shan rana.

Sannan ga gilashi. Bangon falon nan gaba ɗaya ka mayar da shi taga, daga ƙasa har silin, ka kuma juya shi yamma sak, babu baranda, babu rumfa, babu ko ɗan baki da zai yi masa inuwa. Daga azahar har faɗuwar rana, rana a falonka take zama, ta fi ka morar kujerun. Gilashi kuwa halinsa ɗaya da ɗan bashi: ya iya karɓa, bai iya mayarwa ba. Haske ya ratsa ya shiga, ya dafa tayil da kujeru da labule, zafin ya rasa hanyar fita. Da na tambaye ka wa ya ce ka fuskantar da shi nan, ka ce nan ne titi yake, kana so masu wucewa su gani. Ban yi mamaki ba. Mutanen da har yau ba su gama bambance "ya zo" da "ta zo" ba, suna cewa "matana ya tafi kasuwa", ina za su bambance gabas da yamma?

Sai da aka yi la'asar abin ya fito fili. Muna tsaka da cin abinci aka ɗauke wuta, na'urorin sanyaya ɗakin nan naka guda huɗu suka yi tsit lokaci ɗaya. Ka aika yaro ya ta da janareto, janareto ya yi tari sau biyu ya kwanta. Ba a yi minti goma ba alhazai suka fara cire hula suna fifita da ita. A watan Afrilu muke, lokacin da ma'aunin zafi ke dosar 40, tagoginka kuwa irin waɗanda ake turawa gefe ne, rabi kawai ke buɗuwa, kuma duk a bango ɗaya suke, iska ko ta shigo ba ta da ƙofar fita. Ɗaya bayan ɗaya muka sulale, kowa da farantinsa a hannu, muka ƙarasa walimar gidan miliyoyi a ƙarƙashin darbejiyar maƙwabcinka mai faci. Allah Ya saka wa mai faci da alheri, shi ne ainihin mai masaukinmu ranar.

A nan gindin darbejiyar aka ba ni labarin tsamiyar da ka tarar a filin, wadda ta girmi kakanka, ka sa aka sare don kada ta zubar maka da ganye a kan mota. Wasu sun ce uwargida ce ta ce akwai aljanu a kanta. In ma akwai su, na tabbata ba gatari ne ya kore su ba, zanen gidan suka leƙa suka kwashe 'ya'yansu. Ka sare ta, ka malale filin da siminti daga bango zuwa bango, ko inda kaza za ta yi tono ba ka bari ba. Da rana simintin ya sha zafi ya hura maka shi ta taga. Da damina ruwan da ƙasa za ta shanye ya sauka rijiya, duk zai kwarara waje ya shiga gidan wanda ya fi ka gangare.

Washegari, kafin in kama hanya, na ce a kai ni cikin birni in gai da baba. Rana na tsakar ka muka isa. Ina sa ƙafa a zauren nan na ji kamar an tsoma ni a randa. Babu fanka, babu waya ko ɗaya a jikin bango, tsoho na kishingiɗe a kan buzu yana jan carbi, ko gumi babu a goshinsa. Na dafa bangon, kaurinsa ya kusa kamu biyu daga ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa. Sirrin ke nan, kuma ba tsafi ba ne. Ƙasa mai kauri a hankali take shan zafi. Kafin zafin safiya ya gama ratsa bangon ya iso ciki, rana ta faɗi. Da dare sai bangon ya riƙa sakin abin da ya sha, shi ya sa da hunturu ɗakin soro ke da ɗumi ba tare da an kwana da garwashi ba. Da bazara kuwa, da yake magina sun san ɗakin zai yi ɗumi da dare, sun bar wa mutane tsakar gida a buɗe, a shimfiɗa tabarma a kwana ana kallon taurari. Kowane lokaci na yini da inda aka tanadar masa: hantsi a rumfa, azahar a soro, yamma a gindin bishiya ko dakalin ƙofar gida, dare a tsakar gida. Tagogin ƙanana ne, can sama, inda iska mai zafi ke taruwa ta fice, kuma ƙurar hunturu ba ta samun babbar ƙofa. Kai gidanka wuri ɗaya ne da shi ga kowane lokaci, shi ne gaban na'ura, ana addu'ar kada a ɗauke wuta.

Na zauna ina duban rufin zauren, sai na fara lissafi irin namu na Kanawa: daga ina kayan ginin nan suka fito, nawa aka kashe a dako? Ƙasar daga kududdufin bayan unguwa aka haƙo ta, aka jiƙa, aka zuba ciyawa, aka tattake, aka bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan aka mulmula tubali da hannu aka shanya a rana. Ramin da aka bari shi ke tare ruwan unguwa da damina. Azarar da ke riƙe da rufin daga giginya aka tsago ta, itacen da gara ke shakka. Da yake azara ba ta jure dogon zango, in ta wuce kimanin mita 2 ba madogari sai ta fara lanƙwasa, magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, suna jera ta gaɓa-gaɓa a cikin ƙasa har ɗaki ya yi faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Kyan da kake gani a rufin soro daga gazawar itace aka samo shi. Makubar da aka shafe bangon waje da ita, ɓawon ɗorawa ne aka jiƙa. Laso kuwa, wanda ake shafe rufi da shi don kada ruwa ya ratsa, haɗi ne na katsin da marina ke kwashewa daga ramin karofi, da gashin da majema ke kankarewa daga fata, da dafara. Sharar wata sana'a ita ce kayan aikin wata. Duk abin da ke jikin gidan nan jaki zai iya kawo shi, kuma ranar da gidan ya gaji, ƙasa ce za ta koma ƙasa, a sake kwaɓa ta a ta da wani.

Yanzu lissafa naka. Tayil ya hau jirgin ruwa, gilashi ya hau jirgin ruwa, siminti ya kwana a tirela. Masana sun ƙiyasta cewa sarrafa siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke turawa sama, wadda ke ƙara ɗumama ta. Wato ka sayi abin da ke ƙara wa duniya zafi, ka gina abin da ke tara zafi, sannan kana sayen fetur kullum kana ƙonawa don ka kori zafin. Ko a kasuwar Kurmi aka kawo mini wannan ciniki, zan ce a kai kasuwa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne garin da ka fito. Da wani ne daga inda ba su gaji gini ba, sai in yi masa uzuri. Amma kai ɗan garin Babban Gwani ne, Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da ƙasa da azara ya ɗaga bakunan gizon da masana gini na duniya suka riƙa zuwa kallo, kuma har yau akwai unguwa a birninku da ke amsa sunansa. Ka san ba ƙaramin abu ne zai sa Bakano ya yabi Bazazzagi a rubuce ba, to ga shi na yaba, ka yanke wannan shafi ka adana. Wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya share shekaru yana yawo da tef yana auna gine-ginen gargajiya na ƙasar nan, har aka gina kwaikwayon masallacin naku a gidan tarihin gine-gine da ke Jos. Ga kuma sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello a bakin ƙofarka, yana cikin mafiya daɗewa a Najeriya. Duk ka tsallake su, ka ɗauki hoton wani gida na Dubai a wayarka ka miƙa wa ɗan kwangila ka ce "irin wannan". Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Na san abin da za ka ce, don na san bakinka: ginin ƙasa ba ya son ruwa. Gaskiya ne, kuma ruwanku ya fi namu, Zariya kan samu wajen milimita 1,000 a shekara. A nan zan ajiye wasa. A ranar Juma'a, 11 ga Agusta 2023, wani sashe na wannan masallaci da nake yabo ya rufto ana sallar la'asar, mutane suka rasa rayukansu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Duk mai yabon ginin ƙasa da ya tsallake wannan rana bai yi wa mai karatu adalci ba. Ginin ƙasa abu ne mai neman kulawa kamar dabbar kiwo. Kakanninmu kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai sun hau rufi sun duba tsaga, sun gyara indararo, sun sake yaɓe, musamman bangon gabas inda hadari ke dukansa. Mu muka daina hawa rufi. Wani ma sai ya shafe bangon ƙasa da siminti yana ganin ya huta, alhali siminti da ƙasa ba sa riƙe juna: ruwa ya sami tsaga ya shiga baya, ya rasa hanyar bushewa, bango na ruɓewa a ciki fuskarsa na ƙyalli a waje.

Kada kuma ka ce na ɓoye namu. Mu Kanawa mun cike kududdufai da shara mun yanka filaye mun sayar, mun ci badala da gini da ɗibar ƙasa, yanzu ruwan sa'a biyu sai ya mayar da titi kogi. Wannan laifinmu ne, amma tsakanina da 'yan'uwana za mu yi maganarsa, bawa ba ya sa baki.

Matsalar ruwan ma ai an daɗe da samo kanta, kuma ba a Turai ba. Haye Nijar, jihar Tawa. A ƙauyen Yama wani magini, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, jama'ar gari na kawo ruwa da tubali, daga baya ya ƙara masa hasumiyoyi huɗu, kowacce da kamanninta. A 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan, wadda masu digiri ke mafarkinta. Wannan na gargajiya ke nan. Na zamani kuma yana Dandaji, a jihar ta Tawa, inda Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka kammala wani aiki a 2018. Mutanen gari na son sabon masallaci babba. Maimakon a rushe tsohon na ƙasa, sai aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gayyato maginan da suka san shi tun asali suka sa hannu, aka gina sabon a gefensa da bulon jar ƙasar yankin, wanda ake matsewa da inji. Irin wannan bulo ɗan siminti kaɗan ake sa masa, ba a gasa shi, yana fitowa da kusurwa tsaf kamar an yanka da wuƙa, kuma ba ya neman yaɓe kowace shekara. Mace ce ta yi wannan, Bazazzagi. Ko da yake a bakinku "ya yi" za ku ce.

Kwano ma da nake zagi, ba shi ne mai laifi ba, yadda ka kifa shi ne. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré, ɗan garin da ya yi karatun gini a Jamus, ya gina wa ƙauyensu makarantar firamare da aka gama a 2001. Bangon na bulon ƙasa ne, silin ma na ƙasa ne mai ƙofofin iska, sannan ya ɗaga rufin kwano sama a kan ƙarafuna, ya bar sarari tsakaninsa da silin, ya kuma zazzago bakinsa ya wuce bango sosai. Kwanon na tare ruwa kada ya daki bango, yana yi wa ginin inuwa, iska na ratsa ƙarƙashinsa tana kwashe zafin da ya taso daga aji. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gini, shi ne ɗan Afirka na farko da ya same ta. Abin da ya yi bai wuce abin da baba zai gaya maka kyauta ba: ka ɗaga ƙafar gini daga damshi, ka yi masa rufi mai faɗin baki, ka duba inda rana ke fitowa da inda iska ke bi kafin ka haƙa tushe.

Ni dai na san abin da ya hana ka, kuma ba ruwan sama ba ne. Tsoro kake kada a ce malam ya yi shekara talatin da biyar yana aiki ya ƙare a gidan ƙasa. A wurinmu yanzu "gidan ƙasa" ya zama wani suna na talauci, mai neman aure ma sai an tambaya ko gidansu na siminti ne. Wannan kunya ita ta fi gara cin gidajenmu. Muddin mai hali na gudun ƙasa, magini ba zai koya wa ɗansa ɗaurin guga ba, don ba mai biya, sai yaron ya tafi acaba. A ganina irinku ne ya kamata ku fara, masu ɗan abin hannu da dogon Turanci, don talaka abin da ya ga mai kuɗi ya gina shi yake kwaikwaya. Ranar da aka ga farfesa ya tare a gidan jar ƙasa mai kyau, da tayil ɗinsa a banɗaki da farantan sola a kan rufi, ranar kunyar za ta fara mutuwa.

Ban ce ka rushe tanderun ba, kuɗin sallamarka na ciki. Amma ana iya rage masa wuta. Ka kafa rumfa a gaban gilashin nan na yamma, ko ta katako ce, ka sa wani abu mai yaɗo ya hau ta. Ka fasa tagogi a bangon da ke fuskantar tagoginka na yanzu don iska ta sami mashiga da mafita, ka buɗe ƙananan ƙofofi a ƙarƙashin rufin don zafin da ke dafa silin ya sami hanya. Rufin nan a shafa masa farin fenti, ko maƙwabta za su yi dariya. Ka fasa rabin simintin tsakar gida ka bar ƙasa ta sha ruwa. Ɗakin baƙin da ka ce za ka gina a baya kuwa, tunda ni ne baƙon, ina da ta cewa: ka shiga birni ka nemo magina tun sauran tsofaffinsu na da ƙarfin hawa tsani, ka haɗa su da yaro mai zanen zamani, a yi shi da jar ƙasa a kan tushen dutse.

Cika-ciki na tafe, na san za ka turo a karɓar maka kuɗin shara kamar yadda ka saba. Bana ko sisi ba za ka gani ba. Dashe uku zan aiko maka a motar haya, tsamiya ɗaya, a madadin wadda ka kashe, da darbejiya biyu, a dasa su yamma da falo, a kewaye su da ƙaya saboda awaki. Ka ce rowar Kanawa ce, na yarda. Kafin su yi inuwa, duk ranar da na shigo Zariya kada a wahalar da janareto saboda ni, a shimfiɗa mini tabarma a zauren baba.